Marar ɗa, mai 'ya'ya, da wanda ya kashe ƙannensa: rasuwar sarakuna uku a 1603

A tsakanin watan Maris da watan Disamba na shekarar 1603, manyan fadoji uku suka yi zaman makoki. Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta ɗaya, ita ta fara tafiya ranar 24 ga Maris a fadarta ta Richmond da ke bakin kogin Thames, tana da shekara 69, bayan ta yi 44 a kan gado. A watan Agusta annobar ɗa'un ta ɗauke Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, a bayan garin Fas. Kafin shekara ta fita kuma Sarkin Santambul, Muhammadu na uku, wanda Turkawa ke kira Mehmed, ya bi su yana ɗan shekara 37 kacal.

Masu sha'awar jera sunayen waɗanda suka mutu shekara ɗaya sukan tsaya a nan su ce ikon Allah. Ikon Allah ne kam. Amma ita kanta kalmar "shekara ɗaya" tana son a duba ta, domin ba ɗaya daga cikin mutanen nan uku da zai yarda da lissafinmu. A Ingila ta wancan zamani sabuwar shekara takan kama ne ranar 25 ga Maris, don haka a takardun fadar Landan sarauniya ta mutu ne a ranar ƙarshe ta 1602. Maƙwabtansu na Sikotlan kuwa sun riga sun mayar da farkon shekara 1 ga Janairu tun 1600, su a wurinsu 1603 ce. A Roma da Madrid, inda aka karɓi gyaran kalandar da Paparoma Gregory na 13 ya yi a 1582, ranar ma ba 24 ga Maris ba ce, 3 ga Afrilu ce, saboda tazarar kwana goma da Ingila ba ta yarda ta tsallake ba sai a 1752, lokacin da ta riga ta kai kwana goma sha ɗaya. In aka koma lissafin Hijira, wanda da shi Fas da Santambul ke aiki, Elizabeth ta mutu a Shawwal na 1011, sauran biyun kuwa a 1012. Ashe kalandar da ke rataye a bangonmu ce ta zuba su a kwando ɗaya.

Abin da ya haɗa su da gaske ya fi kalanda ƙarfi. Sun san juna, ko da ba su taɓa haɗa ido ba, kuma abokin gabarsu gida ɗaya ne: gidan sarautar Habsburg, wanda reshensa ɗaya ke mulkin Sifaniya, ɗayan kuma Ostiriya. A 1570 Paparoma Pius na biyar ya fitar da Elizabeth daga cocin Katolika, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Wanda aka kora daga zauren 'yan uwa dole ya nemi wani zauren. Fataken Ingila suka juya wajen ƙasashen Musulmi. A 1580 Sarki Murad na uku, mahaifin Mehmed, ya ba su izinin ciniki a ƙasarsa, suna kai kuza da dalma, kayan da ake zuba igwa da harsashi da su, abin da Paparoma ya haramta wa Kirista ya sayar wa Musulmi. A 1585 aka kafa kamfanin cinikin Maroko a Landan. Ingila na kai yadin ulu da katako da makamai, tana ɗauko sukari da gishirin nan da ake haɗa albarushi da shi. Wani baƙo Bajamushe da ya ga sarauniyar a 1598 ya rubuta cewa haƙoranta sun yi baƙi, ya kuma ɗora laifin a kan yawan shan zaƙi na Turawan Ingila. Mai yiwuwa rake na kwarin Sus yana da hannu a ciki.

A 1599 Elizabeth ta aika wa Mehmed wata na'urar kiɗa mai agogo, wadda ke kaɗa kanta da kanta, tare da maƙerinta Thomas Dallam don ya harhaɗa ta a fada. Mahaifiyar sarki, Safiye, wadda a hannunta rabin mulkin yake, ta sami kyautar keken doki, ita ma ta mayar da tukwici da wasiƙa. Shekara ta gaba, 1600, jakadan al-Mansur, Abdulwahid ɗan Mas'ud, ya sauka Landan ya yi kusan wata shida. Hotonsa da aka zana a lokacin, da rawani da alkyabba da takobi, yana nan har yau a Ingila. Saƙon da ke tafe da shi ba na sukari ba ne kaɗai. Al-Mansur na son a haɗa jiragen ruwan Ingila da dakarun Maroko a faɗa wa Sifaniya, har daga baya ya kawo shawarar a je a ƙwace ƙasashen da ta mallaka a hayin teku, a nahiyar Amurka, a zaunar da mutanensa a can tunda su sun saba da zafin rana. Sarauniya ta yi ta jan ƙafa, kamar yadda ta saba da duk abin da zai ci kuɗi, har mutuwa ta raba gardama.

Cikin ukun nan al-Mansur ne ya fi shafar mu, don haka bari in ɗan jima a kansa. Ya hau gado ne a filin daga. Ranar 4 ga Agusta 1578 aka gwabza a Wadil Makhazin, yaƙin da ake kira na sarakuna uku domin uku suka mutu a rana ɗaya: Sebastian na Fotugal, da Abdulmalik yayan al-Mansur, da Muhammad al-Mutawakkil, tuɓaɓɓen sarkin da ya gayyato Turawan. Ahmad ya wayi gari da sarauta, da laƙabin al-Mansur, da ɗaruruwan manyan Fotugal a hannu waɗanda danginsu suka yi ta aiko da dukiya don fansa. Da irin wannan kuɗi ya soma gina fadar al-Badi a Marrakesh. Shi sharifi ne, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa jikan Manzo ya fi Baturke cancantar halifanci, ko da yake ya san inda zai tsaya: ya taɓa zaman gudun hijira a hannun Turkawa, ya san ƙarfinsu, kuma suna nan dab da shi a Aljeriya. Gabas a toshe, arewa ga Sifaniya. Hanyar da ta rage ita ce kudu.

Tun a 1582 zuwa 1583 jakadun Mai Idris Alooma na Barno suka je Maroko neman taimakon makamai, bayan Mai ɗin ya riga ya aika wa Murad na uku a Santambul. Al-Mansur ya ga dama ta samu, ya sa aka rubuta takardar mubaya'a aka ba su su kai wa ubangidansu. Ga Barno wannan wataƙila ladabin diflomasiyya ne kawai, ga Marrakesh kuwa hujja ce cewa ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, ta fara shigowa ƙarƙashin halifa. Sai ya juya kan Songhai, ya nemi Askiya Ishaƙ na biyu ya biya haraji a kan gishirin Tagaza, wai don a ciyar da rundunar da ke kare Musulunci daga Kiristoci. Masu tarihin Tambutu sun ce amsar Askiya ita ce aika masa da masun yaƙi da takalman ƙarfe. A ƙarshen 1590 Judar Basha, wani bābā haifaffen Sifaniya da ya tashi a fadar Maroko, ya keta hamada da mayaƙa kimanin dubu huɗu, galibinsu masu bindiga. A watan Maris na 1591, shekara ta 999 ta Hijira, aka haɗu a Tondibi, arewa da Gao. Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, sun kuma koro garken shanu a gaba don su tattake baƙin, amma ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su. Gao ta faɗi, Tambutu da Jenne suka biyo baya. Har Kantan Kabi, Dawuda, sai da al-Mansur ya aika wa wasiƙar barazana, yana zarginsa da ba 'yan gudun Songhai mafaka. Zinariyar da aka riƙa ɗauka zuwa arewa ce ta ƙara masa laƙabin al-Zahabi. Wani ɗan kasuwar Ingila da ke Marrakesh ya rubuta wa gida cewa Judar ya dawo a 1599 da raƙuma talatin na zinariya.

To, mutumin da ya yi duk wannan, me ya bari?

Nan ne ainihin abin da ya sa kwatanta mutuwar nan uku ke da amfani, domin kowace fada ta fuskanci tambaya guda cikin wata tara: wa zai hau? Kuma amsar ta fito a juye da yadda mai hankali zai zata.

Elizabeth ba ta taɓa aure ba, ba ɗa ba jika, ba kuma ta yarda ta ambaci magaji ba. Ta san abin da take gudu, domin ita ma ta taɓa zama 'yar jiran gado a zamanin yayarta Mary, ta ga yadda masu neman tayar da zaune tsaye ke taruwa a ƙofar mai jiran gado. Doka ta hana a buga rubutu ana nuna wani a matsayin magaji. Wani ɗan majalisa, Peter Wentworth, da ya matsa a yi maganar, an jefa shi kurkukun Hasumiyar Landan a 1593, a can ya mutu. Ga shi wasiyyar mahaifinta Henry na takwas ta tsallake zuriyar 'yar uwarsa Margaret da ke Sikotlan. Ga shi kuma wanda ya fi kusa da gadon ta jini, James na shida na Sikotlan, ɗan Mary ce, sarauniyar Sikotlan da Elizabeth ta sa hannu aka fille wa kai a 1587. Duk Turai na jiran yaƙin basasa.

Ba a yi ba. Tun 1601 babban sakataren sarauniya, Robert Cecil, ya shiga musayar wasiƙu a asirce da James, yana ba shi shawara guda: ya yi haƙuri, ya rufe baki, kada ya tsokani tsohuwa. An tsara takardar shelar sabon sarki tun numfashinta bai ɗauke ba. Ta cika da asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi an karanta shela a Landan. Wani bafade, Robert Carey, ya ɗare doki ya nufi Edinburgh don ya riga kowa kai albishir, ya faɗi a hanya doki ya shure shi a ka, duk da haka ya isa daren 26 ga wata jina-jina, tafiyar wajen mil 400 cikin ƙasa da kwana uku. Gidan Tudor, na su Elizabeth, ya ƙare, na Stuart, na su James, ya fara, ba a zare takobi ba. Abin da ya dagula bikin naɗin a watan Yuli shi ne annoba, irin wadda ke cin Maroko a lokacin, wadda ta kashe mutum fiye da dubu talatin a Landan a shekarar.

Al-Mansur kuwa ya yi duk abin da littafi ya ce a yi. Yana da 'ya'ya maza manya, kowanne ya ba shi lardi ya koyi mulki. Tun farkon sarautarsa ya sa aka yi wa Muhammad al-Shaikh al-Ma'mun mubaya'a a matsayin yarima mai jiran gado, ya damƙa masa Fas. Yariman ya lalace da shaye-shaye da zalunci, har ya fara ƙulle-ƙulle a kan uban. A 1602 al-Mansur ya taso da kansa daga Marrakesh ya kama shi ya tsare. Bai koma gida ba, bai kuma sa an yi wa wani ɗan sabuwar mubaya'a a bainar jama'a ba, annoba ta riske shi. Malamai da manyan Fas suka naɗa Zaidan. Mutanen Marrakesh suka ce ba su san zancen ba, suka naɗa Abu Faris. Shi kuma Abu Faris, don ya karya Zaidan, ya kwance al-Ma'mun ya ba shi runduna, wato ke nan ya saki kura don ta kore masa kare. Al-Ma'mun ya ci Fas ya ce shi ne sarki. Marrakesh ta yi ta sauya hannu. A 1610 al-Ma'mun ya miƙa wa Sifaniya tashar jirgin ruwa ta al-Ara'ish don ta taimake shi a kan ɗan uwansa, garin da ubansa ya yi shekaru yana yi wa Sifaniyawa romon baka a kansa bai ba su ba. Masana'antun sukarin da suka cika baitulmali suka zama kufai.

A ganina kuskuren al-Mansur ba na zaɓen ɗa ba ne. Ya gina mulki ne wanda duk igiyoyinsa ke hannun mutum ɗaya: rundunar baƙi da tubabbun Turawa da 'yan Andalus masu biyayya ga wanda ke biyan albashi, ciniki da sarki ya kankane, malamai da aka saya ko aka tsorata. Babu wata majalisa da in ta ce wane ne, Fas da Marrakesh duka za su ce mun ji. Duk wanda ya san yadda ake naɗin sarauta a ƙasar Hausa ya san darajar masu zaɓen sarki ba a ranar biki take ba, a daren da gawa ke kwance ne, 'ya'yan sarki kowa na zaune a gidansa da magoya bayansa. Ingila na da irin waɗannan mutane, kuma sun riga sun daidaita bakinsu shekara biyu kafin ranar. Ba don sun fi kowa tsoron Allah ba. Cecil kujerarsa yake karewa, ya kuma kare ta.

Turkawa su tasu hanyar daban ce, kuma mai tayar da tsikar jiki. Tun zamanin Muhammadu na biyu, wanda ya ci Kustantiniyya, wato Santambul, dokarsu ta halatta wa sabon sarki ya kashe 'yan uwansa maza don zaman lafiyar duniya, in ji su. Da Mehmed na uku ya hau a Janairun 1595, aka shaƙe ƙannensa goma sha tara, da yawansu yara ƙanana, aka fito da makararsu a jere bayan ta ubansu. Mutanen Santambul, da suka saba ganin abubuwa, wannan karon sun kaɗu. Mulkinsa bai yi daɗi ba. Ya fita yaƙi da kansa sau ɗaya, a 1596, ya ci garin Eger a ƙasar Hangari, kuma a fagen Hacova saura kaɗan ya gudu sai malaminsa Sa'aduddin ya tsayar da shi, aka yi sa'a nasara ta juyo. Bayan nan yaƙin Ostiriya ya ƙi ƙarewa, 'yan tawayen Jalali suka cinye ƙauyukan Anatoliya, a farkon 1603 sojojin doki suka yi bore suka tilasta masa ya ba da manyan bābānnin fadarsa aka kashe a gabansa. A watan Yuni, saboda zargin cewa babban ɗansa Mahmud na haƙon gado, ya sa aka shaƙe shi. Da kaka Shah Abbas na Farisa ya ƙwace Tabriz. A Disamba sarki ya mutu.

Sai ga gidan Usman, wato gidan sarautar Turkawa, da ya yi ƙarni uku yana mulki, ya rage saura yara biyu: Ahmad ɗan shekara 13, wanda ko kaciya ba a yi masa ba balle a yi zancen haihuwa, da ƙanensa Mustafa. In aka bi al'ada aka kashe Mustafa, zazzaɓi ɗaya ya isa ya shafe zuriyar. Aka bar shi da rai, a tsare a wani sashe na fada. Larura ce ta sa, ba tausayi ba, amma daga nan al'ada ta juya. Mehmed na uku shi ne sarki na ƙarshe da ya yi gwamnan lardi yana yarima. Bayansa 'ya'yan sarki a cikin fada suke girma, a wurin da aka riƙa kira keji. Da Ahmad ya rasu a 1617, bayan ya gina masallacin nan mai hasumiya shida da masu yawon buɗe ido ke tururuwa gani, Mustafa aka naɗa, karo na farko da ɗan uwa ya gaji ɗan uwa maimakon ɗa ya gaji uba. Kisan 'yan uwa bai tsaya nan take ba, Usman na biyu da Murad na huɗu duk sun yi, amma sannu a hankali gado ya koma na babba a gida. An rage zubar da jini, aka sami sarakunan da suka fito daga ɗaki ba su taɓa ganin kasuwa ba.

Ƙawancen da ya haɗa fadojin uku bai wuce masu shi ba. James ba ya son hulɗa da Musulmi yadda Elizabeth ta yi, kuma a 1604 ya yi sulhu da Sifaniya, dalilin ƙawancen ya gushe. Sarki Ahmad na Santambul ya kwashe kakarsa Safiye ya mayar tsohuwar fada, na'urar kiɗan Dallam kuma ya sa aka farfasa ta saboda siffofin da ke jikinta.

A bakin kogin Kwara abin ya zo da wata fuska. Sarakunan da ke faɗa a kan Marrakesh ba su da sojan da za su tura hamada. Kafin a cika shekara ashirin da rasuwar al-Mansur, dakarun da ke Tambutu sun koma naɗa bashansu da kansu, suna tuɓe shi in sun ga dama. Suka auri 'yan ƙasa, jikokinsu su ne ake kira Arma har yau. Daular Songhai ba ta dawo ba, halifancin da aka rushe ta dominsa shi ma bai tsaya ba.

Akwai mutum ɗaya da mutuwar al-Mansur ta buɗe wa ƙofa. A 1593 Basha Mahmud ɗan Zarƙun ya kama malaman gidan Aƙit na Tambutu, a 1594 aka tasa ƙeyarsu cikin mari zuwa Marrakesh. Cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma nasa ne mafi ƙanƙanta a gidansu. Bayan shekara biyu aka sake shi daga kurkuku amma aka hana shi barin gari, ya zauna yana karantarwa, alƙalai da muftai na zama a gabansa. Marubucin tarihin Maroko al-Ifrani ya kawo labarin ranar da aka shigar da shi gaban sarki, ya tarar ana magana da shi ta bayan labule. Malamin ya ƙi, ya ce Allah ne kaɗai ke magana da bayinsa ta bayan shamaki. Aka ɗage labule. Ya tambayi sarki dalilin da ya sa aka washe shi aka ɗauro shi, sarki ya ce yana son haɗa kan Musulmi ne. Malam ya ce to me ya hana a fara da Turkawan Tilimsan, ai sun fi kusa?

Zaidan ne ya ba shi izinin tafiya, ya isa Tambutu a 1608. Shi Zaidan ɗin, a 1612, yana gudun wani mai da'awar Mahadi da ya ƙwace Marrakesh, ya loda littattafan gidansu kusan dubu huɗu a jirgin wani Bafaranshe. Mai jirgin ya gudu da su, Sifaniyawa suka tare shi a teku, abin da ya tsira daga gobara cikinsu yana fadar Escorial kusa da Madrid. Wajen 1615 mutanen Tuwat da ke cikin hamada suka aiko wa Ahmad Baba tambaya a kan bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙar fata. Ya amsa musu cewa launin fata ba ya halatta bautar da mutum, ya kuma lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, waɗanda mallakarsu haramun ce, ya ambaci Barno da Kano da Katsina da Songhai. Ya rasu a Tambutu a 1627, shekarar da Zaidan ma ya rasu.